Na Rufe Ta da Gyalena

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, wani abu ya ɗaure mini kai.

Takwararki, 'yata Ummi, wadda kika bari tana rarrafe, yanzu tana karatun tonon kayan tarihi a wata jami'a nan Washinton. Ran Asabar ta ɗauko ni daga gidana a garin Sterling in ga aikinta. Wai mutanen Rum na dā ƙone gawa suke yi, su tsince ƙasusuwan, su zuba a tulu, su binne da fitila da 'yar kwalbar turare.

A ɗakin bincikensu ta nuna mini wani faranti, ƙashi ne fari-fari kamar fasasshen alli. Ta ce mace ce, har da na jariri a ciki. Ga fitilar lantarki a kanta, ga ɗalibai suna wucewa da kofin shayi.

Kin tuna lokacin da kike wankan gawar mata a unguwarmu a Zariya? Kikan ce, "Mamaci ba ya iya jawo zane, mu ne hannunsa." Wallahi ban san sanda na cire gyalena na rufe ta ba.

Ashe zaren gyale kan ɓata musu bincike. Malamar Ummi ta kira ta ofis. Ummi ta mai da ni gida, har yau ba ta ɗaga wayata.

Na rasa inda laifin yake, Innata. Matar nan ko addu'ar da ta dace da ita ban sani ba. Danginta sun ƙone ta, kuma sun sa mata turare. Wulaƙanci ne ko gata? Ummi ta taɓa ce mini ba don aikinsu ba, babu mai sanin an yi ta a duniya. In na ba da haƙuri, kamar na ce tarbiyyarki kuskure ce. In na ƙi, 'yata ce ke ƙara nisa da ni.

Ɗazu ta turo hoto, babu ko kalma: farantin ne, an lulluɓe shi da farar takarda mai laushi. Na duba, na sake dubawa. Cewa take ta ji ni, ko koya mini take yadda ake yi? Ban sani ba. Na dai jiƙa tsakin dambu, gobe zan kai mata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa mana asiri ranar da hannunmu ba zai iya ba.

'Yarki mai kewarki,
Binta