Na Ɗaura wa Goro Zane, An Ce Tsafi Nake Yi

Malama Kulu,

Don Allah don Annabi ki taimake ni, 'yata, kaina ya ƙulle. Ni tsohuwa ce, ban yi allo ba ban yi boko ba. Naomi, malamar makarantar da ke haya a gidanmu, ita ke karanta mini filinki na jarida, ita ce kuma take rubuta wannan, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Kada ki sa sunana, ko da yake duk ɗan unguwarmu a nan Kontagora in ya ji zai gane.

Maganar itace ce, kada ki yi dariya. Itacen goro ne a bayan ɗakina, kusa da rijiya. Ɗana Tanimu ya wasa gatari ya jingina shi jikin rumbu, inda zan gan shi duk safiya in na fito alwala. Ya ce kafin hunturun bana ya kankama, ko a sare itacen nan, ko shi ya kwashi matarsa da 'ya'yansa su bar mini gidan. Shi kaɗai gare ni.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Tun mai gidana na da rai, wani tela mutumin Gabas ya kama haya a gidanmu, shi da matarsa Christiana. Yarinya mai hannu a sake, ba ta dafa abu ta ci ban ɗanɗana ba, sai dai barkononta ya yi mini yawa. Da haihuwarta ta zo ni na karɓa, ni na yanke cibiya, 'ya mace, suka sa mata Rose. Da cibiyar ta faɗi, Christiana ta kira ni bayan ɗaki. Ashe tun da cikinta ya tsufa ta shuka goro a fasasshen kwano, irin nasu mai rabuwa gida huɗu, har ya tsiro. Ta haƙa rami ta sa cibiyar, ta dasa goron a kai. Ta ce haka ake yi a garinsu, itacen ya zama na yaron, su tashi tare. Ban ga abin mamaki ba, mu ma ai binnewa muke yi, itace ne kawai ba mu ɗorawa.

Rose ba ta fara tafiya ba aka yi tashin hankalin nan, mutanen Gabas suka tattara. Da rana tsaka suka hau mota, telan ko keken ɗinkinsa bai ɗauka ba. Christiana da goyo a baya ta kama hannuna ta ja ni wurin goron, ganyensa bai fi a ƙirga da yatsu ba, ta ce Mama ki riƙe mini wannan, zan dawo. Na ce na riƙe. Iyakarta ke nan. An yi yaƙi an gama, wasunsu sun dawo sun buɗe rumfunansu a kasuwa, ga shi bana har an ce motoci su koma hannun dama, ita shiru. Ban sani ba ko suna ƙasa ko suna sama.

Malama, mu nan cin goro muka iya, ba mu san wahalar uwarsa ba. Itacen nan ɗan kurmi ne, ba ya son ƙasarmu. Da damina sai ki gan shi shar, ganye na ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Iskar sanyi na fara kaɗawa sai bakin ganyen ya ƙone, ya naɗe, ya zube. Shekarar farko tsinke kawai ya rage, na zauna na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, sai ga shi ya toho da ruwan fari. Shekara ta biyu na naɗe shi da zana, gara ta bi zanar ta fara cin ɓawonsa. To me zan yi? Akwai ragowar farin yadin akoko da telan ya bari, na kafa sanduna na zagaye shi da shi, gara ba ta taɓa ba. Na ga kamar sanyin asuba ya fi cutarsa, sai nake ajiye masa garwashi a kasko, yadda ake yi wa mai jego. In na wanke tsaba ruwan tsarin nan ba na zubarwa, shi nake ba shi. Kashin kaji in na share akurki, gindinsa nake kaiwa, ai da gashi a ciki, wa zai tsaya tsincewa? Da haka da haka ya kawo yau, ya ɗan fi ni tsawo, bai taɓa yin fure ba.

Ashe mutane na leƙe ta kan danga. Itace da farin ƙyalle, ga hayaƙi, ga farin ruwa a gindi, ga gashin kaza. Ni kuma kowa ya san Bakambara ce daga wajen Sahon Rami, ubana har ya mutu bai kai goshinsa ƙasa ba, ba zan ɓoye ba, kuma mutumin kirki ne. Ni tun aurena nake salla, goshina ya shaida. Amma aka ce tsohuwa ta koma gidan jiya. Matan da nake karɓar haihuwarsu suka daina aikowa. Wata ma da na ba jikanta ƙuli sai ta ƙwace ta jefa wa kare, a gabana.

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya kawo gatari shi ne Tanimu ke kiran salla a masallacin unguwa, muryarsa har bakin kasuwa ana ji. Ran Juma'ar da ta wuce ta sama, ya tashi zai kira la'asar, wani dattijo ya riƙe masa riga, ya ce wanda uwarsa ke tufatar da itace ya fara gyara gidansu tukuna. Aka sa wani ya kira. Ya dawo bai ci tuwo ba. Na ce masa goro ne, ya ce goron da bai taɓa haihuwa ba wa ya shaida shi goro ne, kuma ko goron ne, ya fi mutuncinsa? Maganar cibiya kuwa ban taɓa faɗa masa ba, lokacin yana Zungeru wurin aiki. Yanzu in na faɗa, ai na ƙara wa wuta mai, a ce ga shi har da abin mutum aka binne.

Kuma in faɗa miki gaskiya, tsoro nake ji. Duk shekarar da itacen nan ya toho sai in ce Rose na nan da rai. In aka sare shi fa? Jiya da na ga ya taɓa ƙotar gatarin, saura kaɗan in ɗaga masa nono, Allah ya riƙe hannuna. Ban taɓa yi wa ɗana baki ba, ba na so in fara da furfura. Iskar ta fara juyawa, ganye biyu sun riga sun naɗe, ƙyallen na nan a ninke ƙarƙashin tabarmata na rasa ƙarfin fito da shi. In ci amanar wadda ta kama hannuna, ko in rasa ɗana? Ki faɗa mini.

Tsohuwa mai gadin goro, Kontagora.

*

Iya,

Ban yi dariya ba. Wadda ta raya goro a Kontagora shekara da shekaru don kalma ɗaya da ta faɗa wa baƙuwa, ba abin dariya ba ce. Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba, sannan in faɗi wanda za ki so.

Tanimu bai yi ƙarya ba. An riƙe masa riga a gaban jama'a, kuma abin da mutane suka hango ta kan danga, ko ni na hango sai na tsaya. Sun yi kuskure da suka yanke hukunci ba su tambaye ki ba, sun kuma yi zalunci da suka jawo mahaifinki cikin maganar. Sai dai ke kin san abin da ke cikin zuciyarki, su ƙyalle da hayaƙi kawai suka gani. Shi kuma ɗanki kin bar shi yana kare abin da bai san kansa ba.

Na biyu, ran Rose ba ya cikin itacen nan. Yana hannun Wanda ya ba ta shi. Ita kanta Christiana cewa ta yi itacen na yarinyar ne, ba ta ce shi ne numfashinta ba. Ki sauke wannan kayan daga kanki, ya yi miki nauyi, kuma shi ne kaɗai wurin da masu zarginki za su iya samun abin kamawa. Abin da ke wuyanki amana ce, ita kuwa addinin da Tanimu ke kira a zo a yi, shi ya ce a riƙe ta, ko ta wane ne.

Game da itacen, na tambayi wani malamin gona. Ya ce busasshiyar iska ce ke kashe goro a ƙasarmu fiye da sanyin kansa, don haka garwashin nan ƙara busar da ganyen yake yi, ki daina. Ƙyallen ma ba a bukatarsa. A kafa dirkoki a ɗaura zana ta gefen da iskar ke fitowa, a yi 'yar rumfa sama, amma a ja da baya yadda zanar ba za ta taɓa itacen ba, a zuba toka a gindin dirkokin saboda gara. Ki binne tsohon tulu mai tsaga kusa da saiwa, ki riƙa cika shi da ruwan rijiya, ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ba tare da ta manne wa gindin ba. Ruwan tsari ki ba awaki, kashin kaji ki bari sai damina ki binne shi. Ya kuma ce in gaya miki mai yiwuwa itacen ba zai taɓa haihuwa a nan ba. Ba a ce ki ba da 'ya'ya ba, an ce ki riƙe.

Kada ki jira hunturu ya kankama. Ki aika a roƙi limamin unguwa ya shigo da rana, shi da dattijon da ya riƙe rigar, Tanimu na tsaye. Ki faɗi komai yadda kika faɗa mini, har cibiyar. Duk cikinsu babu wanda ba a binne tasa a wani gida ba. A cikin mutanen Gabas da suka dawo kasuwa a kira dattijo ɗaya ya shaida goro ne, ya faɗi al'adar da bakinsa. Shi ɗin kuma ki ba shi sunan telan da na Christiana, a cigita a cocinsu da wurin direbobin da ke zuwa can. Akokon ki yanka wa jikokinki riguna, kowa ya ga inda ya tafi.

Ban yi miki alkawarin kowa zai gamsu ba. In duk da haka Tanimu ya sare, kin fita haƙƙin Christiana, kuma ko a lokacin bakinki ya zauna a rufe, don itace na tohowa, bakin uwa kuwa in ya fita ba ya dawowa. Amma ina zaton ɗan da ya jingina gatari kwana da kwanaki bai sara ba, jira yake a ba shi hanyar fita. Ki ba shi. Rumfar nan na bukatar dirkoki, shi kuma gatarinsa a washe yake. Ki ce ya je daji ya saro miki su.

Allah ya huci zuciyarsa, ya mai da shi kan kiran sallarsa, ya sa wata rana Rose ta yi sallama a ƙofarki ki kai ta bayan ɗaki.

Taki,
Malama Kulu