Baba da Abincin Tasha

Gwaram,
9 ga Yuni, 1976

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Hapsatu da yara. Mu nan jiki lafiya, rai ne dai a ɓace.

Yau kwana goma sha biyu ke nan da na sa Baba a motar Ɗanbala na turo maka shi, don ka kai shi asibiti a duba abin da ya hana shi cin abinci. Kullum ina zuba ido in ga takardarka, shiru. Jiya na sa aka kira mini Ɗanbala zaure na tambaye shi jikin Baba, sai ya yi dariya ya ce ai Malam ya warke sarai. Wai da idonsa ya gan shi a tashar Birnin Kudu, a rumfar wata mai abinci da ake kira Talatu, zaune kan benci tsakanin direbobi, yana cin shinkafa da cokali. Har ƙari ya ce an yi masa.

Iliyasu, ina so ka gaya mini ƙarya Ɗanbala yake yi. Malam Sanda, wanda rabin garin nan a gabansa suka sauke Alƙur'ani, shi ne za ka zaunar a bakin titi yana cin abincin saye? Ina Hapsatu take, ko murhunku ya rushe ne?

Wata bakwai ke nan da rasuwar Inna. Ka sani tun ranar sadakar arba'in na bar ɗakina a Fagam na dawo nan don kula da shi. Babu abin da ban girka ba. Tuwon dawa da miyar kuka da man shanu sabon kaɗi, dambun zogale, faten tsaki da rama, burabusko, har 'yan shila na sa aka yanka. In ya yi loma uku ranar na yi sa'a. Sauran sai dai in ba maƙwabta. Ashe duk wannan jira yake ya sami tukunyar tasha.

Ka amsa mini a motar jibi. Ka gaishe da Baba, in yana da lokacin amsa gaisuwa.

Ni ce yayarka,
Barira

Birnin Kudu,
12 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Yaya Barira,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Takardarki ta iso ni, na kuma karanta ta har sau biyu. Ina neman gafara kan jinkirin da na yi, aikin ofis ne ya yi yawa.

Likita ya duba Baba, ya auna jini da ƙirji, ya ce bai ga ciwon komai ba sai rama. Maganar Hapsatu kuwa, kada ki ɗauki alhakinta. Kwana huɗu tana girki kamar mai taron suna, Baba yana mayar mata da kwano yadda ta kawo shi. Yanzu haka ita ma fushi take yi da ni.

Abin da Ɗanbala ya gaya miki gaskiya ne, kuma ga yadda aka yi. Ranar da muka fito daga asibiti rana ta yi zafi, Baba ya ce zai huta, rumfar Talatu ce inuwa mafi kusa. Ni dama can nake cin abincin rana tun da aka yi mana ƙarin albashi, haka ma yawancin abokan aikina. Na sa aka zubo mini, ban ma yi masa tayi ba don na san amsar. Muna zaune wasu direbobi biyu suka kaure da gardama kan wace mota ta fi jure hanyar Gwaram da damina. Ina juyowa sai na ga hannun Baba a farantina. Sai na ƙifta wa Talatu ido ta ƙaro.

Yaya, da kin ga shinkafar nan da ba ki yi mamaki ba. 'Yar gwamnati ce fara tas, kowace ƙwaya a ware, ga miyar tumatir ja wur da man gyaɗa yana yawo a kai, ga naman sa da ya dahu har cokali na yanka shi, ga albasa ɗanya a gefe. Ranar Laraba kuma tana yin farfesun kayan ciki wanda ko a hotal-hotal na Kano ban ci kamarsa ba. Zamani ya canja, yanzu manyan mutane ma a waje suke cin abinci, ba abin kunya ba ne.

Tun ranar kullum bayan azahar sai ya ɗauki sandarsa ya tafi, ko da ni ko ba ni. Kumatunsa sun fara cikowa. A ganina wannan abin godiya ne ga Allah.

Naki mai biyayya,
Iliyasu Sanda

Gwaram,
15 ga Yuni, 1976

Iliyasu,

Ina gaisuwa. Na tambaye ka labarin mahaifinmu, ka cika mini rabin takarda da yabon miyar wata. Nonon Inna ka sha, tuwonta ka ci har ka yi gemu, ban taɓa jin ka yabi girkinta da kalma biyar a jere ba.

Ka ce abin godiya ne. To zo nan ka ji abin da ake faɗi. Shekaranjiya a gidan suna wata ta tambaye ni, a gaban mata, wai ko gaskiya ne yunwa ce ta kori Malam daga gidansa. Ni da na bar mijina da 'ya'yana huɗu a hannun surukata, ni ce yau mai horon uba da yunwa. Shi maigidan nawa, Ƙasimu, ya aiko sau biyu yana tambayar yaushe zan koma ɗakina, aikin gona ya taso. Na ce masa ya yi haƙuri har Baba ya samu sauƙi. Yanzu me zan ce masa? In ce ya samu sauƙi da ya rabu da ni?

Kuma ni ban yarda shinkafa ce kawai ba. Mutumin da ya ƙi girkin 'yarsa da na surukarsa ba zai kama zarya wajen baƙuwa haka siddan ba. Wa ya san abin da take barbaɗawa a tukunyar? Wace ce ita, daga ina ta fito, ka bincika?

Ka dawo mini da shi ranar Juma'a. In Ɗanbala ya iso ban gan shi a motar ba, ni da kaina zan zo in ga wannan miyar da idona.

Barira

Birnin Kudu,
24 ga Yuni, 1976

Yaya Barira,

Bayan gaisuwa. Tun da nake ban taɓa rubuta miki magana mai zafi ba, yau dai ki yi haƙuri da ni.

Kin zo garin nan ranar Talata ba ki sauka a gidana ba, kin koma ba ki yi mana sallama ba. Abin da kika yi a tasha kuwa har ofishinmu ya iso kafin a tashi. An ce kin zauna kin sa an zuba miki, kin ɗanɗana sau ɗaya kin ture farantin, kin ce da ƙarfi, “Wannan ce miyar? Ruwa ne da jan launi da dunƙulen kanti. Ko awakina ba zan ba su ba.” Da Talatu ta ce, “Baiwar Allah, me na yi miki?” sai kika ce ta faɗi abin da take zuba wa tsofaffi suna manta gidajensu.

Matar nan mijinta direba ne, ya rasu a hanyar Azare shekara uku da suka wuce. Da tukunyar nan take riƙe marayu biyar. Kin jefe ta da maganar asiri a gaban masu cin abincinta, jiya da yau rabin bencinta babu kowa.

Abin da ba ki sani ba, Baba yana bayan rumfar yana alwala, duk ya ji. Bai fito ba sai da motarku ta tashi. Ya dawo gida ya shige ɗaki, yau kwana biyu in ban da ruwa da goro babu abin da ya shiga bakinsa. Bai koma tasha ba, ya ce da wane ido zai dubi matar.

Ban taɓa cewa girkinta ya fi naki ba. Kowa ya san hannunki hannun Inna ne. Amma shi da kika ce don shi kike yi, ga inda kika mayar da shi. Ya karɓi alƙalami da takarda a wurina, ga wasiƙarsa nan na haɗo miki.

Ƙanenki,
Iliyasu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Malam Sanda zuwa ga Barira mai sunan uwata. Aminci ya tabbata gare ki. Allah ya yi miki albarka, ya shirya miki zuriya.

Bayan haka, na ji abin da kika faɗa a tasha. Kan miya kin yi gaskiya, ba ta kama ƙafar taki ba, gishiri ma yakan yi mata yawa. Kan sauran kin yi zalunci, kuma da sunana kika yi shi. Wannan ya ɓata mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ke da ƙanenki kun kai ni wajen likita, kun yi ta aika wa juna takardu a kaina, babu wanda ya zauna ya tambaye ni. To ga amsa ko ba a tambaya ba. Shekara arba'in ina ciyayya a ƙofar gida da Malam Sada da Sabo maɗinki, kowa ya fito da akushinsa. Sada ya riga mu gidan gaskiya. Sabo ɗansa ya samu aiki ya ɗauke shi zuwa Kano. Na koma ci a cikin gida, mahaifiyarku tana zaune gefe tana ba ni labarin gari, wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da wa, har in cinye ban sani ba. Ita ma ta tafi.

Ke kuwa sai ki ajiye kwano ki durƙusa ki fita, ki tsaya bayan ƙyaure. Ina jin numfashinki. In na ture kwanon, ina jin ƙarar murfi kina dubawa, sannan in ji kina sharar hanci a madafi. Wane ne zai iya haɗiye tuwo ana ƙirga masa loma? A tasha babu mai kallon bakina. Suna ta musunsu na motoci, wani lokaci su tambaye ni hukuncin sallar matafiyi, in duba in ga faranti ya ƙare.

Ban raina wahalarki ba, Allah ne shaida. Amma ni ba majinyaci ba ne, kuma ban ce ki kashe aurenki a kaina ba. Abu biyu nake so. Ki nemi gafarar matar nan a inda kika ci mata mutunci. Sannan ki shirya komawa ɗakinki. In kin yi na farko, zan hau motar Ɗanbala.

Wassalam.

Gwaram,
18 ga Yuli, 1976

Iliyasu,

Gaisuwa gare ka da Hapsatu da yara. Baba yana gaishe ku.

Ka riga ka san na je na ba Talatu haƙuri a gaban mutane, ba sai na maimaita ba. Ta fi ni kirki, ko da yake har yanzu ba ta iya miya ba.

Tun da Baba ya dawo, tukunyar biki nake ɗorawa da yamma. In an idar da magariba sai a fitar da babban akushi ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, duk wanda ya fito masallaci Baba ya ce masa bismilla. Ranar farko mutum uku ne. Jiya na ƙirga takalman mutum goma sha ɗaya. Hatsin da na ware na wata biyu ba zai kai ƙarshen wannan ba, sai ka san yadda za ka yi.

Mun shirya da Ƙasimu zan koma Fagam ranar Asabar. Rahmatu ta gidan Malam Sada za ta riƙa girkin, ni kuma in zo duk Juma'a.

Wani abu ya faru jiya da har yanzu yana cina. Wani mai gyaran keke, wanda ko gayyatarsa ba a yi ba, ya cinye tuwona ya side hannu, sannan ya ce wai kukar ta so ta yi kauri. Na ɗauki mayafi zan fita, sai na ji Baba ya riga ni. Ya ce masa shi da bai san bambancin kukar bana da ta bara ba ya rufe wa mutane baki. Suka kwashe da gardama har aka kira isha'i.

Ban san ko loma nawa ya yi ba, hannuwa sun yi yawa a akushin. Muryarsa dai har madafi nake jin ta.

Ni ce yayarka,
Barira