Notunan da Ban Koma Na Ɗaure Ba

Talata, 4 ga Maris

Na gama haɗa bututun ruwan teku a gonar kifin Uwargida Bang. Mahaɗa goma sha biyu, kowace da zoben roba a tsakani, yankan Yaya Pyo mai shagon roba. A ƙa'ida gobe zan koma in sake ɗaure notuna, domin roba takan saki jiki bayan an matse ta. Amma awa biyu a jirgin ruwa zuwa tsibirin da gonar take, awa biyu dawowa, a kan aikin minti ashirin? Na ƙara musu ƙarfi tun yau, har kafaɗata ta amsa. Shekara talatin ina aikin nan, hannuna ya san abin da yake yi.

Laraba, 5 ga Maris

Ban je ba. Na sha miyar kaguwa, na yi barcin rana.

Litinin, 17 ga Maris

Mahaɗa ɗaya ta saki, injin jan ruwa ya zuƙi iska, ruwa ya tsaya. 'Ya'yan kifi na tanki uku sun mutu. Da na isa, Uwargida Bang na kwashe su da raga, ko kallona ba ta yi ba. Na kwance mahaɗar, na ciro zoben, ya baje kamar wainar da aka zauna a kai. Ta tambayi me ya jawo. Bakina ya riga ni, na ce robar ce ba ta da kyau.

Talata, 18 ga Maris

Ƙungiyar masu gonakin kifi ta daina sayen roba a wurin Yaya Pyo. Su kaɗai ne masu sayen da suka rage masa. Mutumin da ya fara ɗora mini sifanar ɗaure noti a hannu ina ɗan shekara sha tara.

Matata Mal-sun ta ce, "Baban Hye-rin, ran Larabar nan ba a gida ka wuni ba?" Na ce ta bar ni in ci abinci. Ta janye kwanon kimchi, kabejin nan mai yaji, daga gabana, ta mayar gabanta.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je shagonsa, wai gaisuwa. Na tarar ya yanko zirin roba daga irin wadda ya ba ni, ya rataye a ƙusa, ya ɗaura mata dutse. Kullum da safe yana zana alli a bango daidai inda dutsen ya sauko. Zanen ranar farko da na biyu akwai tazarar ɗan yatsa, na bayansu kuwa sai matsowa suke yi kusa da juna. Ya ce haka lafiyayyar roba take yi, ta miƙe da sauri da farko, daga nan ta riƙa ja a hankali. Ya rasa inda tasa ta kuskure, abin da ke cinsa ke nan.

Sai ya ce, "Gi-cheol, washegari ka koma ka ɗaure, ko?"

"Na koma, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya yarda, wannan ne ya fi ƙona ni. Ya ce to hannunsa ne ya tsufa, gara ya rufe shago kafin ya kashe wa wani kifi. Har ya zuba mini shayi.

Lahadi, 23 ga Maris

Kunya nake ji. Na rubuta, ko zan ji sauƙi. Ban ji ba.

Laraba, 26 ga Maris

Na hau jirgin safe, na ce wa kaina dubawa kawai zan yi. Sauran mahaɗa sha ɗaya ba wanda ya taɓa su tun ran huɗu ga wata. Na sa sifana, noti ya juya kamar da ma jirana yake. Na biyu ma haka, na uku ma. Uwargida Bang tana tsaye da takalman roba. A gonar nan ta girma, ba ta buƙatar bayani, amma ta ce, "Maigyara Maeng, me ya sa suke juyawa?"

Na ce, "Don ban dawo ba."

Ta ce in gama ɗaurewa, kuma kada ta ƙara ganin ƙafata. Gobe za ta faɗa wa ƙungiya.

Alhamis, 27 ga Maris

Na faɗa wa Yaya Pyo a tsaye, hulata a hannu. Na so ya zage ni. Bai zaga ba, shayi ma bai zuba ba. Ya tashi ya kwance dutsen. Robar ta yi tsalle ta koma sama, amma ba ta koma tsawonta na asali ba. Na ce shi ke nan, ta lalace.

Ya ce ba a yanke mata hukunci a rana ɗaya, takan ƙara komawa kaɗan-kaɗan, in zo gobe in gani.

Na ce zan dawo. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

Ba wani abu ba ne, zirin roba ne kawai. Na dai ce wa Mal-sun ta tashe ni ƙarfe shida.