Rabin Filin Ƙwallon da ke Bayan Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku, mai walda, ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma kai yana nan daram, don haka kada wani ya ce tsufa ne ke magana.

Na ɗaya. Mahaifiyarku za ta zauna a gida muddin ranta, bayan nan ku raba yadda ya dace. Kayan walda na ba wa Auta tun ina raye. Shi kaɗai a cikinku ya yarda tartsatsi ya huda masa riga.

Na biyu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami: filin bayan gida. Kun buɗe ido kun gan shi filin ƙwallo, har kuna manta cewa rabinsa namu ne. Da can katanga ce tsakaninmu da makaranta. Harabarsu ba ta isa wasa ba, kangona ma haka, yaran unguwa kuwa suna buga ƙwallo a titi tsakanin motoci. Shugabar makaranta ta lokacin, mace mai kafiya irin tawa, ta tako har shago, muka yi magana, muka rushe katangar. Layin tsakiyar filin a kan tushenta yake. Raga ɗaya tana ƙasar makaranta, ɗaya tana tawa. Ni na haɗa ƙarafan duka biyun, kuma har yau ba su karkace ba.

Muka raba aiki. Makaranta ta kawo malamin wasanni da ƙwallaye, unguwa ta ɗauki yankan ciyawa, zanen layi da ruwan sha. Doka ɗaya muka kafa: wanda ya yi fashin aji da safe ba ya taka fili da yamma. Na ga yaran da bulala ta kasa kai su aji, zaman benci ya kai su. A nan 'yar'uwarku Guguwa ta fara tsere ba takalmi, maƙwabta suna ta tsegumi. Yau ita ke horar da 'yan mata ran Asabar, kuma masu tsegumin nan ne ke riƙo hannun jikokinsu su kawo mata. Ina alfahari da wannan fiye da duk wata ƙofa da na taɓa ƙerawa, ba na ɓoyewa.

Na uku. Babba, da kai nake. Na san kana so ka gina shaguna a rabinmu. Na kuma san ba son zuciya ba ne, nauyin iyali ke kanka. Amma ranar da ka jera bulo a wurin, makaranta za ta wayi gari da raga ɗaya, yara su koma titi. An ba ni shawara in cire filin daga gado, na ƙi. Naku ne. Roƙo nake, ba tilastawa ba.

Na huɗu. Gabar da kake yi da Guguwa a kan filin nan ta isa haka. Ke Guguwa, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Yayanki ne, ke za ki fara zuwa gaishe shi. Kai kuma Babba, na naɗa ka wakilin gidanmu a zaman da unguwa ke yi da makaranta farkon kowane zango. Da gangan na zaɓe ka. Ka zauna a kujerata, ka kalli iyayen yaran nan ido da ido, sannan ka yanke abin da za ka iya kwana da shi.

Na ƙarshe. In ajalina ya faɗo ranar wasa, kada a ɗage wasan, kada kuma a kori yara don ana makoki. Masu ta'aziyya su yi haƙuri da hayaniya. Ni na jawo ta, kuma ina sonta.

Allah Ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Ni da makaranta ba mu haɗa jini ba, muka zauna shekara da shekaru ba katanga a tsakaninmu. Ku kuwa cikinku ɗaya, kada ku gina ta.