An Rufe Mashigin Mibai

Litinin, 9 ga Afrilu
Shi ke nan. Ƙungiyar masunta ta rufe mashigin, kwana ashirin daga farkon Mayu ba mai taɓa kifin mibai. Daidai lokacin da suke taruwa zubar da ƙwai, lokacin da jirgi ke cika. Kuma wa ya tsaya gaban jama'a da takardu? Mizuho. 'Yar cikina. Ni na nuna mata wurin tana shekara tara, ni na koya mata lissafin wata. Ashe wuƙar da za a yanka ni nake wasawa.

Alhamis, 12 ga Afrilu
Seikichi, abokin kamun kifina, a bakin ruwa: "Kai Zenko, ka tura ta karatu ta dawo ta kife maka tukunya!" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don dole.

Asabar, 14 ga Afrilu
Mizuho ta kawo miyar tofu, wato awara. Ban kalle ta ba. Sai da ta tafi na sha.

Laraba, 18 ga Afrilu
Yau ta tsare ni ina gyaran raga. Wai kowane mibai mace yake fara zama, sai ya shekara da shekaru yake komawa namiji. Wai manyan nan da nake taƙama da su mazan ne, kuma mun kusa kwashe su.
Na ce teku ba ta ƙarewa.
Ta ce, "Baba, to ina irin na zamanin Kaka?"
Na ce ta tashi ta ba ni wuri.
Na mahaifina kan kai tsawon hannu har gwiwa. Nawa na bara da ƙyar suka wuce taƙi. Wannan ban faɗa mata ba. Yarinyar da na share wa majina!

Talata, 1 ga Mayu
Sun kafa tutocin iyakar mashigin a ruwa. Kamar maƙabarta.

Lahadi, 13 ga Mayu
Mun fita da Seikichi, can bayan tutocin, inda ba a hana ba. Na kamo ɗaya, mace, cikinta ya kumbura kamar zai fashe, ta nufi mashigin. Halalina ce, ba mai cewa komai.
Ta zame ta koma ruwa.
Seikichi ya daɗe yana kallona. "Shekara arba'in, ban taɓa ganin kifi ya kuɓuce maka ba."
Na ce tsufa ne.
Na kuma ce in ya gaya wa Mizuho, shi zan jefa cikin ruwa.