Ranar da Zulfa Ta Sa Na Saukar da Inji Cikin Rami

Haɗejia,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hafsat da yara. Allah Ya tsare ka a kan hanya, Ya kare ku daga ruwan Fatakwal ɗin nan da aka ce ba ya sanin rani. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara da ya sa kowa ya koma kwana a tsakar gida. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai take taɓa ta in ta daɗe a zaune, amma bakin nan nata ko kaɗan bai gaji ba. Matata Yagana ta warke daga zazzaɓin da na gaya maka, har ta koma turara shinkafarta. Tunkiyar da ka bari ta haifi biyu, duk suna raye.

Na san ba za ka tambaye ni labarin Zulfa ba. Shekara goma sha shida ke nan kana kunyar 'yar fari, in ka kira waya sai ka gama tambayar lafiyar tumaki da ta maƙwabta kafin ka ce yaran gida fa, ka wuce da sauri kamar wanda ya taka garwashi. To, tun ranar da aka yaye ta kuka miƙo mini ita, ni ba ni da wannan kunyar, saboda haka yau sai ka zauna ka karanta ko kana so ko ba ka so. Takarda na zaɓa don kada ka katse ni da zancen farashin mai. Yarinyar nan da ke aji biyu na babbar sakandare ta ceci shinkafata ta bana, kuma ta cece ta ne daga hannuna.

Ka tuna ambaliyar shekarar da ta wuce waccan, da ruwa ya shigo mana fadama ba sallama ya tafi da injin ban-ruwana. Har yau ban ga ko murfinsa ba. Da Allah Ya hore mini wani, sai na rantse ruwa ba zai sake yi mini haka ba. Na tara ƙasa da buhunan yashi kusa da bututun rijiyar da muka buga a gona, na gina dakali mai tsayi har ƙirjina, na ƙara wa bututun tsawo, na ɗora inji a kai. In ka hango shi daga hanyar Kafin Hausa sai ka ce wani ƙaramin sarki ne a zaune. Ɗahiru maƙwabcina na gona ya gani ya kwaikwaya, wasu ma suka bi, har ana cewa dakalin Umara. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya yi girma. A ranin farko inji ya yi aiki lafiya, domin ƙasa tana cike da ruwan ambaliya, ni kuwa na ɗauka dabarata ce.

Bana damina ta ɗauke da wuri, kogi ya ja baya, ciyawar kachalla kuma ta toshe mashigar da take kawo mana ruwa. Daidai lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki, lokacin da ka san ko kwana biyar ta yi ba ruwa sai dai a yi wa dabbobi harawa, sai inji ya fara wasa da ni. Zai tashi da ƙara kamar gaske, tiyo ya yi tari, ya tofar da ɗan ruwa, sannan shiru. Na kira Gambo bakanike ya kwance shi ya ɗaure, ya canja abin da zai canja, ya ce ƙarfinsa ne ya ƙare. Na aro babban injin Ɗahiru, wanda gonarsa ke gangare kusa da kogi, muka ɗauke shi mu huɗu muka ɗora a kan dakalin nan. Shi ma ya yi ta ihu har ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ko ɗigo bai kawo ba. Mutane suka ce rijiya ce ta ƙafe. Amma na ɗaura dutse a igiya na zura, na ji ya faɗa ruwa, na jawo shi jiƙe sharkaf. Ga ruwa a ƙasa, ga inji a sama, ga shinkafa tana naɗe ganye a gabana. Kwana biyu suka tafi a haka, ko tuwo ba na iya haɗiyewa.

Ranar Asabar Zulfa ta biyo ni gona. Ta zagaya dakalin, ta leƙa bututu, ta ɗauki igiyar nan tawa ta sake zurawa, ta yi ƙulli a inda ta jiƙe, ta auna da abin awon da suke zuwa da shi makaranta. Sannan ta durƙusa ta ce, cikin ladabi, tana ganin inji lafiyarsa ƙalau, wurin zamansa ne ya yi masa tsayi. Wai daga bakin inji zuwa fuskar ruwa mita takwas da rabi ne, kuma a darasin Fiziks an koya musu cewa irin wannan inji ba ya ɗauko ruwa daga nisa haka, komai girmansa. Na ce mata shekara talatin ina noman rani, ban taɓa jin an ce babban inji ya kasa abin da ya shafi ja ba. Ta ce ai ba ja yake yi ba. Na ce ta tafi gida ta taya Yagana aiki. Na faɗa da faɗa, kuma yanzu ina jin kunyar yadda na faɗa.

Ka san ta da naci, halin Inna ne ta kwaso duka. Da na dawo da la'asar sai ta kawo mini zoɓo mai sanyi a gorar roba, ta huda murfin, ta zura tsinken shan lemo, ta liƙe gefen hujin da cingam, ta ɗaure murfin tamau. Ta miƙo mini ta ce, Baffa, sha. Na zuƙa, ɗan kaɗan ya zo, gorar ta lotsa, daga nan na yi ta zuƙa har kumatuna suka yi ciwo, ba abin da ya ƙaru. Sai ta ɗan sassauta murfin, nan take zoɓo ya cika mini baki har na ƙware. Inna tana kan tabarma tana dariya har da hawaye. Zulfa ta bari na gama tari, sannan ta yi mini bayani. Ta ce iskar nan da muke ciki tana da nauyi, tana danne komai, har fuskar ruwan da ke cikin rijiya. Abin da bakina ya yi, kuma abin da inji yake yi, shi ne kwashe iskar da ke cikin bututu kawai. Iskar waje ce take danna ruwa ta turo shi sama. Da ta toshe wa iska hanya, ƙarfina bai amfane ni da komai ba. Ta ce nauyin iskar kuwa yana da iyaka: a littafi ba zai tura ruwa ya wuce kamar mita goma ba, a gona kuwa, da tsohon tiyo da zafin rana, daga bakwai zuwa takwas ya sare. Ko injin jirgi na kawo, in dai a kan dakalin nan zai zauna, iskar ita ce dai wannan.

Na gane maganar, wallahi na gane ta. Abin da ta ce a yi ne ya tsaya mini a wuya. Wai a sauke inji daga dakali, a haƙa rami a gindin bututu mai zurfin tsayin mutum, a yanke bututun, a zaunar da inji a ciki don ya kusanci ruwa. Abdulganiyyu, kai ɗan fadama ne, ka san abin da wannan yake nufi. Mu da muke ɗora rumbu a kan duwatsu, muke ɗaga dokin ƙofa, muke rataye ko takardar haihuwa a saman ɗaki, wa ya taɓa sa abinsa mai daraja a rami a ƙasar nan? Tun muna yara abin da aka koya mana ke nan, in kana son abu ka ɗaga shi sama. Ga kuma bututu, in na yanke shi na yanke ke nan. Ga mutanen da suka kwaikwayi dakalina, da wane ido zan dube su? Na ce zan yi tunani. Wannan tunanin ya ci mini yini guda cur, ranar Lahadi, ina zaune a gindin dakali ina kallon shinkafa tana komawa ruwan toka.

Inna ce ta raba gardamar da safiyar Litinin. Ta ce ita ba ta san Fiziks ba, amma ta san ambaliya sai watan takwas, shinkafa kuwa jibi za ta mutu, in na ga dama in zauna in yi gadin injina har damina. Yagana kuwa ta ajiye mini shebur da diga a bakin ƙofa. Ranar ba makaranta, ana hutun ƙarshen zango, sai na ce wa Zulfa ta sa hijabinta mu tafi.

Ita ta shata ramin da ƙafarta. Ta ce a yi shi da faɗi, a yi masa gangare ta gefe guda, domin hayaƙin inji yana taruwa a wuri matsattse ya kashe mutum, kuma kada kowa ya zauna a ciki in inji yana aiki. Ni da Ɗahiru muka yi ta haƙa tun hantsi. Kafin azahar mutane sun taru a kan kunyar gona, domin labari ya zaga cewa Umara yana haƙa wa injinsa kabari. Gambo bakanike ya zo ya tsaya da hannu a ƙugu, ya ce shi dai a sana'arsa bai taɓa ganin an yi wa inji magani da diga ba. Na ci gaba da haƙa, amma ni ma zuciyata rabi tana wajensa. Da ramin ya kai kafaɗata, Zulfa ta sake zura igiya ta ce yanzu saura mita biyar da rabi, ya isa. Ta miƙo mini zarto. Na riƙe bututun nan na daɗe ban fara ba. Na ɗaga kai na dube ta, na ga ashe ita ma tsoro take ji, amma ba ta janye maganarta ba. Na yi bismilla na yanke.

Muka sauko da ƙaramin injina, wanda aka ce ƙarfinsa ya ƙare, muka haɗa, na ɗura masa ruwa, na ja igiyar tayar da shi na fito daga ramin. Ya tashi. Tiyo ya yi tarin nan nasa da na riga na tsana, ya yi shiru, har na ji wani a bayana ya fara cewa ai dama. Sai na ga tiyon ya motsa, ya kumbura tun daga gindi, ruwa ya fito da ƙarfin da ya fizge shi daga hannun Ɗahiru ya jiƙa Gambo tun daga hula har takalmi. Ruwa mai sanyi, mai yawa, ba yankewa. Na bi shi da gudu ina buɗe masa fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana shan sa tana ƙara, ni kuwa dattijo da furfura ina kuka a gaban jama'a ban damu ba. Da na waiwayo, Zulfa tana tsugune a bakin rami ta rufe fuska da hijabi.

Ba duka muka samu ba, gara in gaya maka gaskiya. Fangali huɗu na can ƙarshen gona, waɗanda ruwa yake kai wa a ƙarshe, sun riga sun tafi, kansu ya fito fari fat ba ƙwaya. Na lissafa da kaina, da ranar Lahadi na haƙa ramin da sun tsira. Wannan asarar tawa ce, ba ta inji ba, ba ta rijiya ba. Sauran gonar kuwa ta farfaɗo cikin kwana uku, yanzu ta sunkuyar da kai, nan da mako biyu za mu sa lauje in Allah Ya yarda. Zulfa ta riga ta gaya mini yadda za mu toshe bakin bututun mu ɗauke inji zuwa gida kafin ruwan fari, kuma wannan karon ban ce zan yi tunani ba.

Cikin mako guda an haƙa rami shida a fadamarmu. Gambo da kansa yanzu igiya yake fara zurawa kafin ya taɓa sifana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wasu manoma daga wajen Birniwa suka tare ni, suka ce sun ji labari, wane injiniya ne ya zo mana daga birni. Na ce ba wanda ya zo. Suka ce to wa ya koya mini. A nan ne na yi maka laifin da ya sa na rubuto wannan takarda. Ban ce 'yar ƙanena ba ce. Na buɗe baki a gaban mutum ya fi ashirin na ce 'yata ce, sunanta Zulfa, kuma na faɗa da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji. Ka yafe mini, amma ka sani ko gobe aka sake tambayata haka zan faɗa.

Ka gaishe mini da Hafsat da kyau, ka ce mata Allah Ya saka mata da alheri, ta haifa mana abin alfahari. Ka shafa mini kan Amira da Usaini. Inna tana sa muku albarka, Yagana tana gaishe ku, Ɗahiru ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. Zulfa ba ta san na rubuta wannan ba, tana can tsakar gida tana wanke-wanke. Allah Ya raya mana ita, Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri.

Ni ne yayanka,
Umara.