Sa'adiya da Littattafan da Ka Bari

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga Yayana Kamilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Zulai da yara, Ya kuma tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka. Damina ta yi kyau a Bungudu, an fara yankan gero, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka ne in ba Lukuman direba ya kawo, domin duk lokacin da muka yi waya kuka ke cin ƙarfina, mu rabu ban gaya maka rabin abin da ke bakina ba. Wannan karon labarin mai daɗi ne, ina so ka ji shi daki-daki.

Ka san yadda ka bar Baba bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki: hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace, magana ta ɗauke, amma hankalinsa yana nan sarai. Abin da muka rage maka a waya shi ne yadda ya koma daga baya. Ya daina cin abinci. In Inna ta kawo tuwo sai ya kau da kai, in ta matsa sai ya ture kwanon da hannun hagu. Kunu kaɗai yake kurɓa, shi ma sai ya huce. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Masu zuwa dubiya suna fita suna girgiza kai, wata maƙwabciya ma ta ce wa Inna tsoho in ya juya wa tuwo baya to ya gama da duniya ne, sai haƙuri. Ni kaina na yarda da haka. Duk Juma'ar da na hau mota zuwa Bungudu, ina tafe ina tunanin ko ita ce ta ƙarshe.

Autarmu Sa'adiya ce ba ta yarda ba. Ta ce ita tana ganin idon Baba, mutum ne mai son faɗin wani abu, ba mai sallama ba. Mun gwada ba shi alƙalami, amma hannun hagun rawa yake yi, sai ya yi zane biyu ya jefar cikin fushi. Rannan tana share ɗakinka sai ta jawo kwalin nan na ƙarƙashin gado, ta sami littattafan kwamfuta da ka yi karatun difloma da su, da tsohuwar laftof ɗinka. Gara ta ci gefen littafi ɗaya, saura lafiya. Ka tuna ta ɗan koyi kwamfuta a wani shago nan Gusau bayan ta gama sakandare, amma buga takardu kawai ta iya. Cikin littattafan akwai mai kauri wanda ke koyar da yadda ake gina tagar manhaja a allo, a sa mata maɓallai, a gaya wa kowane maɓalli abin da zai yi in an danna shi. Ta ce mini in har za a iya sa maɓalli ya yi ƙara, to za a iya sa shi ya ce "ruwa".

Gaskiya ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Inna ma faɗa ta riƙa yi, wai ubanta na kwance ita tana rungume da littafin Turanci. Kullum in ta gama wanke-wanke sai ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, littafi a cinya, ƙamus a gefe, tana kwafar abin da ke shafin baƙi bayan baƙi. Batirin laftof ɗin ba ya riƙe wuta, sai ta kai caji wurin mai sola a bakin kasuwa. Ta gaya mini ta yi kwanaki tana neman kuskure, ashe ɗigo biyu ta manta a ƙarshen layi. Ranar da tagar farko ta buɗe, wani ɗan fili ne fari da maɓalli guda a tsakiya, amma ihun da ta yi sai da kaji suka watse.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Da ta kai wa Baba, maɓallan ƙanana ne, hannunsa ba ya iya kai linzamin kwamfutar inda yake so. Ta koma ta ƙara musu girma, duk da haka bai iya ba. Sai ta sami babin da ke bayanin yadda ake sa manhaja ta yi abu da kanta bayan ɗan lokaci. Ta shirya shi yadda haske zai riƙa tafiya daga wannan maɓalli zuwa wancan a hankali, Baba kuma dogon maɓallin nan na ƙasan allon rubutu kaɗai zai buga in hasken ya iso kan abin da yake so. Sai kuma matsalar rubutu: ka san Baba ajami yake karantawa, ba boko ba. Da ta sa ajami, baƙaƙen suka fito a rarrabe kuma a juye, Baba ya kalla ya yi tsaki da gefen baki. Littafinka bai ce komai a kan wannan ba. Sai ta ɗauko tawada ta rubuta kalmomin da hannunta, ta ɗauki hotonsu da waya, ta liƙa hoton a kan kowane maɓalli, domin wannan kam littafin ya koyar.

Abin da ya fi ba mu dariya daga baya shi ne murya. Tata ta naɗa. Baba ya buga, kwamfuta ta ce "a ba ni ruwa" da siririyar muryar Sa'adiya, sai ya rufe laftof ɗin ya juya fuska bango. Ta fito tana hawaye. Inna ce ta gane, ta ce wane dattijo ne zai yarda ya yi magana da muryar 'yarsa a gaban baƙi. Ta ce a nemo Baffa Yahaya, tun suna samari ba a bambance muryarsa da ta Baba ta bayan katanga. Ka san halin hanyar Tsafe yanzu, ba mu so ya taso daga Bilbis ba, sai ya naɗo kalmomin a wayar ɗansa ya turo. Yaya, ranar da na ji muryar ta fito daga ɗakin Baba, tsayawa na yi a tsakar gida da buta a hannu.

Cikin maɓallan akwai na "ciwo". Shi Baba ya yi ta bugawa. Muka riƙa nuna ƙafa, muna nuna hannu, muna nuna ciki, yana girgiza kai. Sa'adiya ta ƙara taga ta biyu mai hoton sassan jiki, hasken yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya bar kai ya wuce, ya bar ido ya wuce, da ya iso baki sai ya buga da ƙarfi har laftof ɗin ta yi tsalle. Inna ta haska da tocilan. Can ciki, ta ɓangaren da ya karkace, turmin haƙori ne ya rube, dasashi ya kumbura ya yi ruwa. Mun daɗe muna ganin kumburin kuncin, amma duk mun ɗauka na shanyewar ne. Ashe duk wannan lokacin yunwa yake ji kamar kowa, tauna ce ba ta yiwuwa.

Muka kawo shi asibiti nan Gusau. Likita ya fara ba shi magani har kumburin ya sauka, ya duba hawan jininsa, sannan aka cire haƙorin. Satin da ya biyo baya ya cinye tuwon dawa da miyar kuka, ya buga maɓallin "ƙari". Inna ta zauna a bakin ƙofa tana dariya tana share ido da gefen zane. Yanzu jikinsa ya fara dawowa, ana fitar da shi zaure da hantsi, abokansa na zuwa. Magana ba ta dawo ba, likita kuma bai yi mana alkawari ba, amma mutumin da ka sani yana nan. Saboda haka maganar da ka yi ta barin aikinka ka dawo gida, don Allah ka ajiye ta. Ka zo da Sallah kamar yadda ka saba. Abin da Sa'adiya ke roƙo kawai, in ka sami littafin da ya fi wannan sabunta ka aiko mata, da batirin laftof.

Ta sa wa Baba hotunan baƙaƙen ajami ɗaya-ɗaya yanzu, yana harhaɗa kalma da kansa, ko da yake yana ɗaukar lokaci. Shekaranjiya ina Bungudu ya kira Sa'adiya da hannu, ya daɗe yana haɗa abin da yake so a yi masa sabon maɓalli da shi. Mun zaci goro zai ce, ko rediyo. Da ta karanta sai ta fita ta kira Baffa a waya ya naɗo. Jiya kafin in dawo Gusau Inna ta shigo da ruwan alwalarsa, ta durƙusa tana wanke masa ƙafa, sai ya jira hasken ya zagayo, ya buga. Muryar ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka miki." Inna ba ta ɗago ba. Ta ce wa Sa'adiya ta gaya wa Yahaya ya daina yi mata iyayi a cikin akwati, amma ta daɗe riƙe da ƙafar bayan ta gama wankewa.

Ka gaishe da Anti Zulai, da Husna da Sabiru, ka ce Gwaggonsu na kewarsu. Inna na sa maka albarka, Baffa Yahaya da mutanen Bilbis na gaisuwa, Sa'adiya ma haka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Hauwa'u.